Yadda ake haɗa dogayen ƙungiyar ƙwallon kwando, da yadda ake musayarsu ba tare da an ci ka ba

Tun daren da Lakers suka miƙa wa Dallas dogonsu Anthony Davis suka karɓi Luka Dončić, a farkon Fabrairun 2025, ban ƙara shan ataya cikin kwanciyar hankali a bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu ta Nima a Accra, ba. Wannan ya ce, "Koci, yaya mutum zai ba da dogonsa ya zauna ba mai tsare masa kwando?" Wancan ya ce yana riƙe da ƙaramar ƙungiya a Madina, an kawo masa yaro mai tsawon mita biyu daga arewa, ya ɗauka ko ya bari? Tambaya ɗaya ce ta sako riga biyu. Mai dala miliyan ɗari da mai tara kuɗin trotro daga aljihun 'yan unguwa duk hanya ɗaya suke bi, nauyin jaka ne ya bambanta.

Idan na ce dogaye, ina nufin masu lamba 4 da lamba 5, wato fawa-fowad da senta, waɗanda gindin kwando ne gonarsu. Mai lamba 3 yakan leƙo cikinsu, za mu zo kansa.

Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu, biro, tef ɗin awo irin na magina, alli, agogon waya, da bidiyon cikakken wasa aƙalla uku na duk wanda kake so. Cikakken wasa na ce, ba guntayen da ake yaɗawa a Instagram ba.

1. Ƙirga mintuna kafin ka ƙirga mutane

A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda muke bi a Accra da sauran Afirka, wasa minti 40 ne. Gurbin dogaye biyu ne, saboda haka minti 80 kake nema wa masu shi. A NBA, babbar gasar Amurka, wasa minti 48 ne, lissafinsu 96. Rubuta 80 a saman shafi ka fara rabo. A ce sentanka na farko zai ɗauki 28, fowad ɗinka 30. Saura 22. Waɗannan 22 ɗin su ne inda ake rasa wasa, domin kowa ya san sunan mutum biyu na farko, amma tambayi manajoji da yawa wa zai tsaya a gindin kwando a tsakiyar kwata ta biyu, sai su fara sosa ƙeya.

Sai ka sa keta a lissafi, wato laifin da alƙalin wasa ke busa wa ɗan wasa. Keta biyar ke fitar da mutum a FIBA, shida a NBA, kuma dogo ya fi kowa kwasarta tunda shi ake afka wa. Sentanka ya yi biyu a kwatar farko, dole ya zauna, shirin minti 28 ya rushe tun kafin zufa ta karyo.

Takardar wasa sunaye 12 take ɗauka. Shawarata ita ce dogaye huɗu, da mutum na biyar mai lamba 3 wanda ke da ƙirjin da zai iya komawa 4 idan ta ɓaci. Dubi abin da ya sami Oklahoma City a kakar 2024 zuwa 2025: Isaiah Hartenstein ya karye a hannu kafin a fara, Chet Holmgren ya karye a ƙugu a Nuwamba, suka yi wasanni ba senta ko ɗaya, Jalen Williams wanda bai kai mita biyu ba shi ya riƙe gurbin. Duk da haka suka gama da nasara 68, suka ɗauki kofi.

Hattara: kada tsoron rauni ya sa ka tara dogaye shida. Na biyar da na shida ba za su taɓa ƙwallo ba, kuma dogon da ke zaune a benci yana ƙunƙuni ya fi raunin gwiwa ɓata ƙungiya.

2. Rubuta ayyuka, ka bar sunaye tukuna

Ja layi biyar a shafi na gaba. Na farko tsare bakin kwando, ba bulok (buge ƙwallon mai jifa) kaɗai ba, har da sa mai shigowa ya canza shawara. Na biyu ribaun, wato cafke ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba. Na uku jifa daga nesa, irin wanda zai tilasta wa mai tsaronsa ya fito ya bi shi. Na huɗu ƙafa: idan aka yi masa shinge, wato abokin gaba ya tare hanya da jikinsa, ya tsinci kansa gaban gad (mai lamba 1 ko 2) mai sauri a bayan layin maki uku, zai iya riƙe shi na daƙiƙa huɗu ko biyar? Na biyar kafa shinge da miƙa ƙwallo, wanda shi ne aikin da ba a tafa wa, kuma shi gad ɗinka zai fi gode maka a kai.

Ba kowane dogo da kake da shi maki a kowane layi: 0 idan ba ya iyawa, 1 idan yana taɓawa, 2 idan ana tsoronsa a kai. Kada ka tara jimilla, jimilla yaudara ce. Abin da za ka duba shi ne kowane mutum biyu da za su tsaya tare a fili. Tsakaninsu dole a sami mai 2 a tsaron kwando, a sami mai 2 a ribaun, kuma kada dukansu su zama 0 a jifa. Layin da ya fito fayau ba mai 2 a cikinsa, shi za ka je kasuwa nema. Ba ka zuwa kasuwar Makola da niyyar sayen gishiri ka dawo da buhun sukari don ka same shi da araha.

3. Gano ginshiƙinka, ka nemo masa abokin zama

Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke ɓata kuɗi, saboda haka zan daɗe a kai.

Kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da wasa ke juyawa a kansa. Ka tambayi kanka abu biyu: a ina yake son tsayawa idan ƙwallo na hannunmu, kuma me ba ya iyawa idan ƙwallo na hannunsu? Abokin zamansa shi ne wanda ba ya son wurin nan, kuma yake iya abin nan.

Giannis Antetokounmpo hanyar kwando yake so a buɗe masa ya taho da gudu. A 2018 Milwaukee, ƙungiyar Giannis a lokacin, suka ɗauki Brook Lopez, senta mai tsawon mita 2.13 ko fiye, a kan kusan dala miliyan 3.4 na shekara ɗaya, kuɗin da a NBA bai taka kara ya karya ba. Aikinsa idan suna kai hari shi ne ya tsaya can bayan layin maki uku ya janye sentan abokan gaba daga hanya, idan suna tsaro kuma ya koma gindin kwando ya zama katanga. Kakar nan suka ci wasa 60, a 2021 suka ɗauki kofi. Lopez bai fi sauran sentocin kasuwa suna ba a lokacin, gurbin ne ya yi masa daidai kamar an auna.

Denver kuma matsalarsu daban ce. Nikola Jokić, wanda suka tsinta a lamba 41 a daraf ɗin 2014, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi duk shekara, yana riƙe ƙwallo daga sama yana raba ta, amma ba mai tsalle ba ne, ba kuma shi za a sa ya bi fowad mafi haɗari na abokan gaba ba. A Maris 2021 suka karɓo Aaron Gordon daga Orlando, suka ba da Gary Harris da R.J. Hampton da damar zaɓe guda a zagayen farko na daraf. A Orlando ana neman Gordon ya zama tauraro, abin bai zauna ba. A Denver aka ce masa ya tsare babban mutum, ya kutsa bayan masu tsaro, Jokić zai same shi. Kofin 2023 ya biyo baya.

Ga kuma ɗaya gefen. A 2019 Philadelphia suka ba Al Horford kwantiragin shekara huɗu da ya kai dala miliyan 109 don ya tsaya kusa da Joel Embiid, ɗan Kamaru. A takarda abin gwanin sha'awa. A fili kuwa ga Embiid yana son gindin kwando, ga Ben Simmons ba ya jifa daga nesa shi ma can yake so, Horford ya rasa inda zai sa ƙafa. Shekara ɗaya tak, a Disamba 2020, suka tura shi Oklahoma City, har sai da suka ɗora zaɓen zagayen farko a kai kafin a karɓa. Horford ɗin nan ne ya koma Boston ya ci kofi a 2024. Mutumin bai lalace ba, ɗakin ne ya yi musu kaɗan.

Yadda za ka gwada wannan ba tare da kashe ko sidi ɗaya ba: zana rabin fili a takarda, ka sa ɗigo a inda kowane ɗaya cikin biyar ɗinka ya fi son karɓar ƙwallo. Idan ɗigo uku suka taru cikin fenti, wato akwatin da aka zana a gindin kwando, ka san masu tsaro biyar za su taru a nan su ma, gad ɗinka zai shigo ya tarar da cunkoso irin na shataletalen Circle da yamma.

Hattara: kada ka ce "zai koyi jifa". Wataƙila ya koya, amma ba a wannan kakar ba. Abin da zai nuna maka ko akwai fata shi ne jifansa na firi-turo. Wanda ke zubar da rabin firi-turo ɗinsa, ba mai tsaro ba kowa, kada ka gina shiri a kan zai jefa maki uku.

4. Auna shi da hannunka

Duk tsawon da aka faɗa maka a waya, rage wani abu. Sa shi ya cire takalmi ya jingina da bango. Bayan tsawo sai ka auna gaba, wato ya buɗe hannuwa biyu ka auna daga yatsa zuwa yatsa, yadda tsofaffi ke auna igiyar rijiya. Sannan ya tsaya ƙafa a ƙasa ya miƙa hannu sama ya shafa alli a bango. Wannan awo na uku ya fi tsawon kai muhimmanci, tunda bakin kwando yana mita 3.05 ne kuma ba da ka ake tare ƙwallo ba. Draymond Green bai kai mita biyu ba, kusan 1.98 yake, amma gabansa ya kai kusan 2.16, shi ya sa Golden State suka iya mai da shi senta a lokutan da wasa ya yi zafi.

Daga nan sai gwaji uku. Jefa masa ƙwallo da ƙarfi, a ƙasa, a gefe, yana cikin gudu, sau ashirin, ka ƙirga nawa ya kama da kyau. Sa shi ya tsare gad ɗinka mafi sauri daga layin maki uku. Sannan ya yi gudu daga kwando zuwa kwando, filin mita 28 ne, sau shida a jere, ka ga yadda yake komawa a na biyar da na shida.

Ni kaina na taɓa faɗawa ramin nan. Wata shekara aka kawo mana wani yaro, da ya shigo ta ƙofar gidan da muke taro sai da ya sunkuya. Alhajin da ke ɗaukar nauyinmu ya dube shi daga ƙasa har sama ya ce, "Koci, wannan ai ba sai an gwada ba." Ni ma zuciyata ta riga ta tafi. Muka kama masa ɗaki, muka yi kwana uku muna zaga Kantamanto kafin mu sami takalmi lamba 49, ƙafa ɗaya ma ta ɗan fi ɗaya gogewa. Ranar wasan farko gad ɗinmu ya ba shi ƙwallo huɗu masu kyau a gindin kwando, uku suka buga masa a ƙirji suka fita waje. Yaron kirki ne, ba ya fashin atisaye, amma hannun bai zo ba har kakar ta ƙare. Gwajin minti goma da ban yi ba ya ci mana kuɗin haya na shekara.

Hattara: tambayi shekarunsa ka ga takarda, Ghana Card ko fasfo. Ɗan shekara 18 mai ɗanyen hannu jari ne. Ɗan shekara 26 mai irin hannun nan ya riga ya zama abin da zai zama.

5. Duba dokar gasar da za ka shiga

A NBA mai tsaro ba ya zama cikin fenti fiye da daƙiƙa uku idan ba ya kusa da wanda yake tsarewa. FIBA ba ta da wannan doka, saboda haka senta mai nauyin jiki zai iya kafa sansani a gindin kwando, darajarsa a wajenmu ta fi yadda take a can. Haka kuma a FIBA da zarar ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando ana iya share ta daga sama, abin da a NBA laifi ne. Layin maki uku namu mita 6.75 ne, nasu 7.24 daga sama. Idan kuma burinka BAL ne, gasar ƙungiyoyin Afirka da aka fara a Kigali a 2021, nemi dokar adadin baƙin 'yan wasa ta shekarar tun kafin ka yi wa kowa alkawari.

6. Raba kuɗin

A NBA akwai rufin albashi, wato iyakar da aka sa wa jimillar albashin 'yan wasan ƙungiya, ko da yake ana iya haura ta. A kakar 2024 zuwa 2025 dala miliyan 140.6 ne, harajin wuce gona da iri yana farawa a 170.8, sai wasu katanga biyu a sama, ta farko a 178.1, ta biyu a 188.9. Yarjejeniyar 2023 ce ta sa wa katangar ta biyu haƙora: wanda ya haura ta ba zai haɗa albashin mutum biyu ya karɓi mai tsada ɗaya ba, ba zai sa tsabar kuɗi cikin musaya ba. Ɗan wasa ɗaya kuma yana iya cin kashi 25, 30 ko 35 cikin ɗari na rufin, gwargwadon shekarunsa a gasar. To ka ga idan dogaye biyu suka ci irin wannan albashi, abin da ya rage wa sauran goma sha uku ba shi da yawa. Abin da ya sa Minnesota suka rabu da Karl-Anthony Towns zuwa New York a Oktoba 2024 ke nan, watanni kaɗan bayan sun kai wasan ƙarshe na yankin Yamma, suka karɓi Julius Randle da Donte DiVincenzo. Boston ma shekara guda bayan kofinsu suka tura Kristaps Porziņģis Atlanta don su sauko ƙasa da katanga ta biyu.

A nan gida ba mu da rufi a rubuce, aljihun mai ƙungiya shi ne rufi. Rubuta abin da dogo ɗaya zai ci a wata, ba alawus kaɗai ba: kuɗin mota zuwa atisaye, abinci (kuma dogo ba ya ƙoshi da waakye ɗin da zai ƙosar da gad), ɗaki idan baƙo ne, takalmi aƙalla biyu a kaka saboda siminti na cin tafin takalmi, bandejin idon sawu, sabunta katin NHIS, da wani abu a gefe don hoton ƙashi. Nawa tsarin shi ne, cikin kowace sidi 100 ta 'yan wasa, dogaye kada su wuce 40, kuma cikin 40 ɗin a ajiye 5 ba a taɓa ba sai rauni ya zo.

Ka kuma san da wa kake takara. Ƙungiyoyin ma'aikatu irin na kwastan da 'yan sanda da gidan yari suna da abin da ba ka da shi, wato begen samun aiki. Ba za ka fi su da kuɗi ba. Abin da za ka iya sayarwa shi ne mintuna: a wajenka zai buga, a can wataƙila ya zauna.

Hattara: dogon da ya yi fice ba zai daɗe ba. Ben Bentil na Sekondi da Amida Brimah na Accra duk tun suna samari suka tafi makarantun Amurka. Brimah ya ci kofin jami'o'i da Connecticut a 2014, Bentil kuma Boston suka zaɓe shi a lamba 51 a 2016. Wannan abin farin ciki ne, amma kai manaja ka riƙa renon na bayansa tun yana nan.

7. Musayar kanta

Kafin ka ɗaga waya, amsa tambaya ɗaya da gaskiya: mutum ɗaya ya rage mana mu ci kofi, ko kuwa muna da nisa? Idan da nisa, kai mai sayarwa ne, ka ba da babba ka karɓi matasa. Idan saura ƙiris, kai mai saye ne. Masu asara su ne waɗanda ke tsakiya suna sayayya irin ta masu saura ƙiris.

Misalin da na fi so na Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya, lokacin yana shugabantar Toronto. A Fabrairun 2019 ya ba Memphis Jonas Valančiūnas da Delon Wright da C.J. Miles da zaɓen zagaye na biyu, ya karɓi Marc Gasol, mai shekara 34. Valančiūnas ya fi ƙuruciya. Amma Ujiri ya san hanyarsa za ta bi ta kan Embiid, yana buƙatar mai jikin da zai tare shi, mai miƙa ƙwallo, mai jifa daga nesa don Pascal Siakam da Kawhi Leonard su sami fili. Layi uku cikin biyar na shafinmu na biyu, mutum ɗaya ya cike su. Suka fitar da Philadelphia a wasa na bakwai, suka doke Golden State a watan Yuni suka ɗauki kofi. Dallas ma haka suka yi a Fabrairun 2024, suka ɗauko Daniel Gafford da P.J. Washington a rana ɗaya, suka kai wasan ƙarshe.

Sai farashi. A Yulin 2022 Minnesota suka biya Utah 'yan wasa biyar, har da Walker Kessler wanda aka zaɓa kwanaki kaɗan kafin nan, da zaɓen zagayen farko huɗu, na 2023, 2025, 2027 da 2029, da damar musanya matsayi a 2026, duk don Rudy Gobert. Gobert ya yi aikinsa, ya zama gwarzon mai tsaro a 2024. Har yau ana gardama a kan cinikin a bes, ni ina cikin masu cewa an biya da yawa, domin ranar da suka buƙaci gyara sai suka tarar da rumbun ba kaya. Dubi kuma yadda shekarun suke tsallake-tsallake: dokar NBA ce ta hana ƙungiya ta zauna ba zaɓen zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba, don a kare manajoji daga kansu.

Ga tsarin da za ka bi. Rubuta mutum uku da za su iya cike layin da kake nema, ba ɗaya ba, domin mai zaɓi ɗaya an riga an san farashinsa. Rubuta iyakar abin da za ka bayar kafin a fara magana, ka nuna wa mai ƙungiya ya amince, don kada zafin ciniki ya ɗebe ka. Koma shafin mintuna ka sake rabon 80 ɗin kamar an riga an yi musayar, ka ga wane layi ka toshe, wane kuma ka buɗe. Sau da yawa za ka tarar ka sayi jifa ka sayar da ribaun. Sannan ka kira manajan ɗaya ƙungiyar kai tsaye, ba ɗan wasan ba.

A NBA albashin da ke fita da mai shigowa dole su yi kusa, wanda ya haura katangar farko ma ba zai karɓi fiye da abin da ya fitar ba, kuma ƙofar musaya tana rufewa a Fabrairu. A namu wasan yawanci aro ne, ko saki da ɗan abin hannu, ko yaro a madadin yaro. Ko wanne ne, tambayi masu shirya gasar ranar rufe rajista tun farkon kaka.

Hattara: kada ka yi musaya a makon da aka lallasa ku. Jira wasa biyu su wuce. Kuma kada ka zagaya ta bayan manaja ka zuga yaronsa. Accra ƙarama ce, gobe kai za ka nemi aro a wajensa.

8. Likita, sannan takarda, sannan kuɗi

Kada ka sauya wannan jeri. Kwanaki bayan cinikin Dončić, Lakers suka shirya karɓo senta Mark Williams daga Charlotte, aka sanar wa duniya, sai gwajin likita ya sa suka fasa. Kowa ya koma inda ya fito, ƙofar musaya kuma ta riga ta rufe, suka shiga wasannin ƙarshe ba sentan kirki. Sharaɗin gwajin ne ya ba su damar janyewa. Sa irinsa a taka yarjejeniyar, a rubuce.

Dogo a gwiwa da tafin ƙafa da baya yake lalacewa. Portland sun ɗauki Greg Oden a lamba ta ɗaya a 2007, gaban Kevin Durant, gwiwa ta hana shi zama abin da aka zata. Mu da muke wasa a kan siminti abin ya fi shafar mu. Kai shi wajen likitan ƙashi ko mai gyaran gaɓoɓi, a kuma duba zuciya da hawan jini. Kafin nan ma yi naka binciken: sa shi ya tsuguna da ƙafa ɗaya, dama sannan hagu, ka kalli fuskarsa. Tambayi tsoffin abokan wasansa wasa nawa ya rasa bara, don shi ba zai faɗa ba.

Idan daga wata ƙasa ya zo, ko Togo ce ko Najeriya ko Kodebuwa, kuma yana da rajista a can, sai an sami takardar saki ta FIBA ta hannun hukumomin ƙwallon kwando na ƙasashen biyu kafin ya buga. Na cikin gida kuma ka karɓi takardar saki mai sa hannun tsohuwar ƙungiyarsa. Kuɗi su zo a ƙarshe, kuma ko ta MoMo ka tura, a rubuta rasit.

9. Faɗa wa wanda zai tafi, ka zaunar da wanda ya zo

Wanda za ka saki ya ji daga bakinka, ido da ido, kafin ya ji a WhatsApp. Idan yaron zango ne kuma iyayensa suka damƙa maka shi, je gidan da kanka ka gaida Baba ka yi bayani. Biya shi duk abin da yake bi a ranar.

Sabon kuma kada ka jibga masa littafin dabaru gaba ɗaya. Makon farko abu uku sun isa: inda zai tsaya idan an kafa wa gad shinge, kalmomin da za a riƙa kira a tsaro, da wanda zai tare idan ƙwallo ta tashi. Senta shi ke ganin fili duka daga baya, saboda haka dole ya yi magana. Idan Hausa da Twi da Turanci sun cakuɗe a ƙungiyarka kamar tamu, ku zauna ku tsayar da kalma ɗaya ga "shinge ta dama", ɗaya ga "canza", kowa ya haddace.

Sannan ka ba shi wasa takwas zuwa goma kafin ka yanke hukunci, kuma kada makinsa ya zama ma'auni. Sa wani yaro a benci da littafi ya rubuta abu uku duk lokacin da kowane dogaye biyu suke tare a fili: maki nawa muka ci, nawa aka ci mu, da sau nawa abokan gaba suka sami ribaun a kwandonmu, tunda kowane ɗaya sabon daƙiƙa 14 na kai hari ne ka ba su kyauta. Bayan wasa goma ka jera shafukan. Idan biyun da ka fi biya ba su ne biyun da lissafi ya fi yi wa kyau ba, raba su: ɗaya ya fara, ɗaya ya shigo a minti na shida, su haɗu a fili a minti huɗun ƙarshe na kowane rabi kawai.